Kada Ka Sauko

Gidanmu na Tarauni warin tampol yake yi, rani da damina. Har yau idan na gifta ta bayan gingimari, warin nan na kaki da baƙin mai ya daki hancina, sai in ji kamar yanzu za a daka min tsawa in zo in riƙe gefe. Mai tsawar ita ce Inna, kakata ta wajen uba, wadda ta ƙarar da ƙarfinta tana ɗinke wa wani tsohon kamfanin jigilar kaya da ke Gyaɗi-Gyaɗi tampol ɗin motocinsa. Ba ta zuwa garejin. A kura ake turo mata su har ƙofar gida, duk a yage, wani iska ce ta farka shi, wani reshen bishiya, wani kuwa saran adda ne ƙarara. Da ta shafa yagar da yatsa za ta faɗi abin da ya yi ta.

Bayan sallar isha'i take hura gawayi a kasko don ta narka kakin zumar da take murza wa zare. Mu jikoki aikinmu jan gefen tampol ya miƙe, ladanmu kuwa tatsuniya. Wanda ya yi gyangyaɗi ya saki gefensa ranƙwashi ne zai tashe shi, kuma ranƙwashin Inna ba na wasa ba ne, don hannunta ya yi kanta kamar ƙasan takalmi. Ni kaɗai take ɗan raga wa, saboda sunan mijinta aka sa min. Ba ta iya kiran sunan, sai dai ta ce Maigida.

"Maigida, ja da kyau mana," haka take cewa. "Da wannan hannun naka mai kama da lagwani za ka ciyar da ni?"

Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke yi. Sai ta zura zare a basilla tukuna, sannan ta ce, "Ga wata nan tafe da lodi." Mu kuma mu amsa, "A sauke mu gani." Tatsuniyoyinta babu tausayi a cikinsu, ana fille kai ana farke ciki. Mahaifiyata takan leƙo daga ɗaki ta ce a hankali, "Inna, yaran nan za su yi mafarki fa." Inna ta ce, "Su yi mana. Mafarki ya taɓa cinye wani?"

Wadda ta fi maimaitawa ita ce ta raƙumi ɗan dako. Wai wani raƙumi ne mai ɗaukar wa fatake gishiri, dogo, mai haƙuri, yana da mata da 'ya'ya a gida. Hanyarsu ta ratsa ta tsakiyar garin gafiyoyi, kuma duk raƙuma sun san dokar wucewa: komai ya faru, kada ka durƙusa. Muddin kana tsaye, haƙorin gafiya iyakarsa ƙafa. Rannan yana tafe da kaya niƙi-niƙi, sai ɗan gafiya ya fito daga rami a guje yana bin fara, ya faɗa ƙarƙashin ƙafarsa. Raƙumi ya ji ƙas. 'Yan uwansa suka ce, "Wuce! Wuce!" Shi kuwa ya jiyo ɗan yana kuka can ƙasa-ƙasa, sai ya lanƙwashe gwiwa ya durƙusa.

A nan ne Inna take soka basilla da ƙarfi har tampol ya yi ƙara. "Sai gari ya fito," in ji ta, "wanda ya gani da wanda bai gani ba. Suka hau ta gwiwa, suka hau ta wuya. Suka fara da idanu don kada ya shaida su. Suka tsinke agara don kada ya tashi. Suka shiga ta hanci, suka farke ciki, hanji ya zubo a kan gishiri, gishiri ya yi ja wur. Shi kuwa yana ta cewa, ku duba yaron, ku duba yaron, da sauran ransa! Wa zai ji? Da suka gama suka juyo neman ɗan nasu, sai suka tarar su da kansu sun tattake shi ya mutu."

Fata kawai aka mayar wa matar raƙumi. Ta wanke ta, ta zauna tana ɗinke ramukan haƙora ɗaya bayan ɗaya. Daga nan sai Inna ta ciji zare ta tsinke shi, ta ce, "Zare ya ƙare, kowa ya nemi tabarmarsa."

Ni ba na tashi. Kullum sai na tambaya, "Inna, da bai durƙusa ba fa?"

"Da ya isa gida ya ci tuwo da 'ya'yansa."

"Ashe wawa ne."

Ranar da na fara faɗin haka na sha ranƙwashin da har yau ban manta ba. "Uban wa ya ce maka wawa ne?" Amma wani daren ita da kanta za ta zage shi tas, ta ce sakarai, ya bar mace da marayu saboda ɗan da ba nasa ba. Wani daren kuma sai ta ɗora laifin jan idonta a kan hayaƙin gawayi, alhali gawayin ya daɗe da ruruwa.

Sai da na fara tasawa na san wane ne raƙumin. Oga Sunday ne ya faɗa min, babban bakaniken kamfanin, Kirista daga kudu wanda ya tsufa a Kano har Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. Shi yake rako tampol gidanmu wani lokaci, ya tsuguna daga zaure ya ce, "Mama, ina wuni," ta aiko masa da kunu. Ya ce kakana ne, direba a kamfanin, kuma shi yana cikin motar da ke bin tasa a ranar. Wani gari ne a hanyar kudu, ranar kasuwa, yaro ya shigo titi yana bin akuya, motar kakana ta buge shi. Kakana ya tsaya, ya sauko, ya sunkuya ya ɗauki yaron. Dutse na farko a ƙeya ya same shi. Daga nan taɓarya, daga nan adda. Mutanen garin suka banka wa motarsa wuta. Yaron ma bai kai ba, a cikin turmutsutsun ya cika. Da gari ya lafa, Oga Sunday ya kwance tampol ɗin motarsu, wanda shi ma ya sha sara, ya naɗe abin da ya rage na kakana ya kawo Tarauni.

"Bayan an yi bakwai," in ji shi, "sai ga tampol ɗin nan ta aiko mana, a wanke, an ɗinke kowane sara. Alhaji mai kamfani ya daɗe yana kallon ɗinkin. Tun daga ranar, ita ce mai ɗinkinmu."

Duk da haka kamfanin na shiga, don a unguwarmu yaro ko dai ya bi kasuwa ko ya bi mota, ni kuwa ƙarar injin ce ta tafi da ni. Na fara da karen mota, ina dirowa a kan tudu in cusa waigi bayan taya, ina kwana a ƙarƙashin mota ina shan zagin direbobi da shayinsu. Lokacin kamfanin ya tsufa. Motocin da suka mutu a garejin sun fi masu tashi yawa, kaji har ƙwai suke sakawa a kujerar direba. Amma akwai zumunci. Idan motar ɗayanmu ta lalace a daji, babu mai wuce shi. Muna sauka kudu da albasa da wake, mu hauro da goro da manja, kuma kowane tampol da muka ɗaura ina gane ɗinkin Inna a jikinsa, ƙanana a jere, ruwa ba ya ratsawa. Doka ɗaya ce ake koya wa kowa tun ranar farko, kafin ma a nuna masa birki: idan ka buge mutum a cikin gari, kada ka tsaya, kada ka sauko, ka zarce caji ofis mafi kusa ka miƙa kanka.

Ranar da aka ba ni makullin mota na je na gaya wa Inna. Idonta ya fara dushewa a lokacin, da lalube take ɗinki. Ta damƙi wuyan hannuna har sai da na ji ƙashi.

"Maigida, na ɗinke guda ɗaya, ba zan ɗinke na biyu ba. Ka rantse min ba za ka sauko ba."

Na rantse, kuma da zuciya ɗaya na rantse.

Shekaru suka wuce lafiya. Sai wata rana da hantsi, ina tafe da lodin albasa, na shigo wani gari ranar kasuwarsu. Ba gudu nake ba, Allah ne shaidata. Wata yarinya mai tallar rake ta tsallako daga bayan wata bas. Na taka birki da duk ƙarfina, amma gingimari da kaya ba ta tsayawa inda ka ce mata. Na ga farantinta ya tashi sama. Yaron motata ya fara ihu, "Oga, taka! Taka mu tafi, za su kashe mu!" Hanya a buɗe take a gabana. Na sa hannu a giya. Sai na kalli madubi, na ga ƙafarta tana motsi a gefen kwalta, ga mutane sun taso daga rumfuna da sanduna, a guje, kuma a kanta za su bi.

Ban yi wani tunani ba, kada in yi ƙarya in ce jarumta ce. Na dai tsinci kaina a ƙasa. Na isa gare ta kafin su iso, na duƙa a kanta na rufe ta da ƙirjina. Abu na farko da ya same ni icen girki ne, a kunne, kunnen da har yau ba ya ji. Sai dutse, sai wani ƙarfe da ya karya min hannu, na ji ƙarar karyewar a cikin haƙorana. Wani ya sare ni a ka, jini ya rufe min ido. Ina jin ana cewa a kawo fetur. Ina jin zafin motata tana ci da wuta a bayana, albasa tana fashewa. Kuma ina jin bakina yana faɗin wata magana da ba ni na shirya ta ba, ku duba yarinyar, ku duba yarinyar, da sauran ranta.

Uwar yarinyar ce ta ji. Ta ratso mazan nan tana kururuwa, ta faɗo a kaina, sanda ɗaya ma a bayanta ta sauka. "Ku bari! Tana numfashi! Ku ne za ku kashe min ita!" Haka aka kwashe mu a mota ɗaya zuwa asibiti, ni da yarinyar, jininmu ya haɗu a kan kujera.

Da aka sallame ni aka kawo ni Tarauni, tsoron Inna ya fi min tsoron mutanen garin nan. Na same ta a gaban kaskonta. Na durƙusa na gaishe ta. Ta lalubo fuskata, ta gano kuncin da babu rauni, ta zabga min mari da hannun nan nata.

"Maƙaryaci," ta ce. "Haka shi ma ya rantse min."

Sannan ta bi ɗinkin da ke kaina da yatsa, a hankali, tun daga goshi har ƙeya. "Wane ne ya yi wannan aikin? Bai iya ba, ruwa zai shiga." Can ta ce, "Yarinyar fa?"

"Tana raye, Inna. Ƙafa ce ta karye, an ɗaura."

Ta kifa kanta a kafaɗata ta yi kukan da ban taɓa jin ta yi ba, babu ko zancen hayaƙi.

Inna ta rasu, kamfanin ma ya bi ta, inda garejin yake yanzu shaguna ne. Na daɗe ina tambayar kaina me take so in koya. Da bakinta ta rantsar da ni kada in sauko, kuma da bakin nan dai ta yi shekaru tana zuba min labarin raƙumi a kunne har ya zama shi ne abin da jikina ya sani. A da ina ganin ruɗewar tsufa ce. Yanzu na gane tana son in dawo gida da raina, kuma tana son in zama irin mutumin da ta aura, ta kasa zaɓar ɗaya.

Kwanan baya babban ɗana ya zo min da makullin tirela, yana ta murna an ɗauke shi aiki. Na damƙi wuyan hannunsa da hannuna mai lafiya, na ce ya rantse min ba zai sauko ba. Ya rantse. Na daɗe ina kallonsa. Sannan na ce ya zauna, na sa aka hura gawayi, na ce masa, "Ga wata nan tafe da lodi."