Jakin da Aka Ce Na Sarayar

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, lokacin da sabulu ma sai an bi layi, aka hana dabbobi yawo a cikin gari. Ina da jaki guda, gadon mahaifina. Shi ke ɗauko mini albasa daga fadama zuwa kasuwar Bodinga, ban da shi kuwa sai wuyana.

Na tafi Kajiji jinyar kawuna, jinya ta ja. Ina can jakin ya tsinke igiya, duba-gari suka kama shi a bakin rijiya. Matata tana kulle, ba ta fita sai da izinina, balle ta kutsa ofis cikin maza. Ta aika mini saƙo, ɗan saƙon ya tsaya shan fura a hanya. Ko da na dawo, wa'adin karɓa ya wuce, har an yi gwanjonsa.

Na je ofis raina a ɓace, na tarar da akawu yana ɓare gyaɗa.

"Ranka shi daɗe, jakkina nika biɗa."

"Ba naka na ba yanzu. Ka sarayar da shi."

"Ni? Yaushe? Ina can wurin marar lahiya!"

"Duk wanda bai zo ba cikin wa'adi ya sarayar. Haka doka tac ce."

Har yau kalmar nan tana ci mini rai. A wurinmu mutum da bakinsa yake sarayar da abu, a gaban shaidu, kamar yadda mace kan bar wa ƙanenta rabonta na gona. Da akawun cewa ya yi an ƙwace, da na haɗiye. Amma a ɗauke maka abu, a kuma ce kai ka bayar!

Wani mai sayar da itace daga wajen Shagari ne ya saye shi. Jakin dai ba wanda ya karanta masa doka. Wata safiya sai ga kukansa a ƙofar gidana. Yara suka fita da murna, matata ta jiƙa masa dusa. Da la'asar mai itacen ya iso, ƙafarsa duk faso. Talaka ne irina, awakinsa ya sayar ya sayi jakin nan, to me zan ce masa? Na miƙa masa igiya.

Jakin ya sake dawowa, ya kuma sake. Mutumin ya gaji da sintiri, ya durƙusa a zaurena.

"Don Allah, Malam, in ya koma zowa kak ka ba shi dussa. Ka kore shi da sanda, in ba haka ba, ba shi bari."

Da jakin ya sake zuwa, na ce yara su shiga ciki. Ya miƙo baki yana shinshinar aljihuna, inda ya saba samun gishiri. Na ɗauki sandar mahaifina na yi ta dukansa har bayan gari, yana tsayawa yana waiwayena.

Bai ƙara dawowa ba. Ranar kam ni na sarayar da shi, da hannuna, ba ko shaida ɗaya.