Shirwa a Ƙarƙashin Kwando

Iya Dije, kakata ta wajen uwa, ba ta tatsuniya sai an suɗe tukunyar tuwo. A ƙauyenmu na gefen Runka mukan zagaye murhu, ta binne mana gyaɗa a toka, sannan ta ce, "Ga ta nan tafe, mai gyangyaɗi ya wartsake." Can nesa da wuta ƙanenta Baba Soja yake zama. An kwashe shi yaƙin Bama tun zamanin Turawa, ya dawo da ƙafafunsa biyu amma ba da natsuwarsa ba. Ko shirwa ce ta gilma sai ya faɗa ƙarƙashin rumbu. Ranar da Iya ta kama mu muna kwaikwayonsa, ranar ta ba mu labarin zakara.

Wai zakara ya tsinci gashin shirwa a bakin rafi, tsarinsa ya burge shi, ya soke a ƙofar akurki. Kaza ta ce ya cire. Ya ce, "Ke ba ki san ado ba. Gashi ne, wa zai ci?" To akwai wani ɗan tsako da ya taɓa kuɓuta daga farcen shirwa, bayansa a saɓule. Magariba ta yi, kowa ya shige, shi ya hangi gashin ya toge a waje. Nan muzuru ya same shi. Da safe zakara na ta faɗin, "Amma fa gashi ne kawai!"

Iya ta nuna mu da muciya. "Ga mai ado gashi ne. Ga wanda ya sha farce, shirwa ce sukutum. Ƙurunƙus. Wanda ya ƙara yi wa Soja dariya, wannan ce abincinsa."

Sai da na aurar da 'ya'ya na shiga ajin manya na koyi rubutu, shi ya sa abin da ke cina rubuta shi nake yi. Ga abin da ke cina.

Bara muka baro ƙauyen. 'Yan bindiga suka shigo, bayansu jirgi ya zo ƙasa-ƙasa kamar zai yaye rufin ɗaki, wuta ta faɗi bayan gari. Jikata Hafsatu, 'yar shekara biyar, tana ƙanƙame da wuyana. Muka sauka Batsari gidan ɗana Nasiru, wanda ya daɗe yana aiki a birni ya dawo da wata sabuwar cuta. A falonsa, inda nan ne hanyar ɗakinmu, ya jera jiragen yaƙi na ƙarfe guda shida cikin kabad na gilashi, kowanne bai fi tafin hannu ba. Har da farfela mai juyawa. Ɗaya ma an zana masa baki da haƙora. Kullum da tsumma yake shafa su kamar jarirai.

Hafsatu ta kalle su sau ɗaya, ta koma bayan randa ta tsugunna. Kwana biyu ba ta taka falon ba, ba ta sa komai a ciki ba sai ruwa.

Na ce, "Nasiru, kwashe tarkacen nan."

"Haba Inna! Na yaƙin duniya na biyu ne fa, tarihi ne. Wannan na Ingila, wannan na Jamus. Za ta saba. Ba abin wasa ba ne, na ajiya ne."

"Ni za ka gaya wa ba abin wasa ba ne? Kai a kwali ka ga jirgi, mu daga ƙarƙashinsa muka gan shi. Ɗiyar ƙanwarka na mutuwa da yunwa, kai kana goge wa shirwa fiffike!"

Ya tsaya yana sosa ƙeya. Ban jira shi ba. Na buɗe gilashin, na tattaro su a haɓar zani, na zube bayan ɗaki, na kifa musu kwandon da muke rufe 'yan tsaki da shi, na danne da dutsen niƙa. Na kamo hannun yarinyar na nuna mata.

Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ba za su fito ba?"

"Sai sun fara ɗaga dutsen nan."

Ranar ta shiga falo, ta sha fura rabin ƙwarya.

Da ina yarinya na ɗauka tsakon Iya wawa ne, tunda gashi ba ya cizo. Yanzu na gane wawan labarin shi ne mai cara. Har yau Nasiru bai ɗaga kwandon ba, ni kuma ban ba shi haƙuri ba. Baba Soja nake son bai wa haƙuri, shi kuwa ƙasa ta daɗe da rufe shi.