Ƙauyen da Maigidana Ya Kasa Barowa

Akwai wani ƙauye a arewacin Ingila da na sani kamar yadda na san unguwarmu ta Sabon Gari a Wudil, alhali ban taɓa taka shi ba. A bakin maigidana na san shi, kuma ba da son raina ba.

Shekarun da kuɗin man fetur suka cika ƙasa, gwamnati ta tura shi koyon gyaran injinan noma tare da amininsa, wani mutumin Achika. Tare suka yi allo, tare suka kama aiki. Su biyu suka tafi, shi kaɗai ya dawo. Aka ce mana ciwon huhu ne ya kashe aminin a can. Muka je ta'aziyya, muka ɗauka magana ta ƙare.

Da farko kowa na son labarin. Bayan la'asar maƙwabta kan cika zaure yana ba su. Ƙauyen a cikin kwari yake, duwatsu kewaye da shi, tumaki sun fi mutane yawa. Gidajen duk na baƙin dutse ne. A da saƙar ulu ce sana'arsu, da aka rufe masaƙar sai samari suka watse birane, aka bar tsofaffi. Kanti ɗaya ne, a cikinsa ake aika wasiƙa. Akwai makaranta, da tsohon coci, da mashaya. Bas kan zo safe da yamma. Babu asibiti, babu masallaci.

Mutane suka gaji suka daina zuwa, shi bai daina ba. Ina tuƙa tuwo zai tsaya a kaina yana lissafo mini gidajen ɗaya bayan ɗaya. Ya bar zuwa aiki, ya bar cin abinci sai an matsa masa. Wata Juma'a, ranar kasuwa, aka tsinto shi a tsakiyar gadar Wudil, manyan motocin siminti na ta kauce masa, yana tambayar masu wucewa ko bas ɗin ta zo.

Inna, mahaifiyarsa, ta shiga neman rubutu da hayaƙi. Yayansa ya kai shi asibiti a Kano, aka ba shi ƙwayoyin da suka mayar da shi kamar gunki. Ni kuwa ga goyo, ga tsoro. Ko rijiya na je, rabin hankalina na ƙofar gida. Na rame har zani ya daina zama a ƙuguna.

Wata rana da azahar ya sake farowa daga kantin. Na ajiye tsintsiya, na durƙusa na riƙe ƙafarsa ina kuka.

"Malam, don girman Allah, me ka bari a garin nan?"

Ya dube ni, sannan ya zauna a ƙasa.

"Ƙanƙara ce ta toshe hanya," ya ce. "Bas ba ta zo ba, likita bai iso ba sai da aminina ya cika. Ni kaɗai na yi masa wanka. Tsohuwar da muke haya a gidanta ta ba ni zanin gado na yi likkafani. Na tayar da salla, na waiga, babu kowa a bayana." Ya goge fuska da hannun riga. "A gefen maƙabartarsu aka sa shi. Rana ba ta fito ba duk makon. Ban san ina na fuskantar da shi ba."

Na ɗauki mayafi na tafi gidan liman da ƙafata, abin da ban taɓa yi ba. Ya zo, ya zauna da shi har magariba, ya nuna masa cewa ai ya riga ya sauke nauyin da ke kansa. Aka tara mutane aka yi wa mamacin sauka.

Ya ɗan samu sauƙi, amma bai warke ba. Aikin gwamnati ya tafi. Ya koma noman albasa a bakin kogi, duk lokacin sanyi kuma sai ciwon ya motsa, mu koma gadin ƙofa.

Mahaifiyar aminin ta zo sau ɗaya, ta ce tambaya guda ta kawo ta.

"Ɗana, akwai inuwa a wurin da yake kwance?"

"Akwai, Inna," ya ce. "Wata babbar bishiya ce, ban san sunanta ba."

Ta gyaɗa kai, ta nemi buta ta yi alwala.