Godiyar da Bushiya Ta Ƙi Karɓa

Tun ina yarinya a Durba ba ni da baki. In baƙi suka yi sallama, bayan rumbu ake nemo ni. Wuri ɗaya nake zama cikin mutane hankalina kwance: gindin murhun kakarmu, Iya Abu, bayan magariba, tana gasa mana gyaɗa a toka tana tatsuniya. Sauran jikoki su yi ta katse ta da tambaya, ni kuwa in lafe a jikin zanenta mai ƙanshin hayaƙi da daddawa.

Akwai wadda ta fi maimaitawa, kuma sai ta kalle ni ta gefen ido kafin ta fara. "Ku matso, ga ta nan ta iso, ta bushiya ce." Wai an yi fari a daji, bushiya ta tono inda ruwa yake, dabbobi suka sha suka rayu. Sai suka haɗa mata walima, kowa ya ɗauko godiyarsa a ka. Da ta hango taron sai ta dunƙule a rami, ta aiki kurege ya ce ba ta jin daɗi. Suka jira har wuyansu ya ƙage, suka koma gida da kayansu.

"Iya, ai ba ta yi laifi ba," na taɓa cewa, kowa ya juyo don mamakin jin muryata.

"Ke 'yar nan, godiya kaya ce. Wanda ya ɗauko ta neman inda zai sauke yake."

Na ji haushin Iya ranar, na kwanta ina goyon bayan bushiya.

Iya ta rasu, na yi aure a Kibiya, na shiga koya wa matan aure karatu a tsakar gida. 'Yan shekaru bayan ƙaddamar da Shari'a, ƙungiyar ci gaban yankinmu ta shirya liyafa a Rano don ba wasu lambar yabo, har da ni. Kwana uku ban ci abincin kirki ba. Sai na samo mafita: ƙanena Sani zai karɓa a madadina. A lokacin ba mai zargin mace don ta ƙi fita gaban maza, yaba mata ma za a yi. Ni kaɗai na san tsoro ne kawai ke damuna.

Na je dai, na rakuɓe a ƙarshen rumfar mata ina juya cokali a shinkafa. Duk wadda ta gaishe ni sai in ce "lafiya lau", in rasa ta gaba. Can sai ga ɗalibaina da ke zuwa daga ƙauyen Nariya, sun ci kwalliya kamar masu kai amarya. Gwaggo Ladi, wadda ta fara riƙe fensir tana da jikoki, ta ɗauki takardar tsarin taron, ta ɗora yatsa, ta haɗa baƙaƙen sunana ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi.

"Malama, ni na karanta da kaina! In an kira ki, ni zan riƙe miki jaka."

Na hango Sani a rumfar maza yana gyara hula. Da aka kira sunana sai na ga na riga shi miƙewa. Na je na karɓi lambar, aka ce in yi jawabi, abin da ya fito kawai shi ne, "Na gode. Ku taya ni godiya." Matan Nariya suka rangaɗa guɗa, wani dattijo ya juyo yana harara, ba su fasa ba.

Har yau ban iya taro ba, na ma daina sa rai. Iya ma ba surutu take so ta koya min ba. Na daɗe ina kiran ɓuyan nan nawa kunya, ina jin daɗin sunan. Sai da na dawo na tarar da Gwaggo Ladi rungume da jakata tana share hawaye da bakin mayafi, sannan na gane da na zauna a kujerar nan, da rowa na yi wa matan da suka taso tun daga Nariya don su ga malamarsu ta miƙe.