Uban Kujeru

Duk wanda aka yi wa baftisma, ko aure, ko bikin cika shekara goma sha biyar a garin nan namu na kwarin Yakima, danginsa sun zauna a kan kujerun Don Nemesio Barajas. Wanda ya mutu ma, shi dai bai zauna ba, amma masu makokinsa sun zauna. Kujerun ƙarfe ne masu naɗewa, ruwan toka, kowace da ɗigon jan fenti a bayanta. Aikinsa ke nan: ya kawo su a tsohuwar a-kori-kurarsa, ya jera, ya koma gefe ya tsaya riƙe da hula har a watse, ya naɗe ya tafi. Ba wanda ya taɓa ganin ya zauna a kan ko ɗaya.

Daga Michoacán ya zo, can ƙetaren iyakar kudu, yana saurayi, tsinkar tuffa. Ya yi shekaru a kan tsani, har wata kaka tsanin ya gaji da shi ya ajiye shi a ƙasa. Likita ya ce ƙugun zai warke, amma hawa ya ƙare. Matarsa, Doña Eulalia, ita ta lura cewa mutanenmu sun fi yawan kujerunsu, ta sayi na farko daga wani coci da ke sake kaya. Ita ce mai maganar gidan. Da ta rasu, maganar ba ta koma wurin kowa ba.

Cikin kujerun akwai wata mai gajeriyar ƙafa ɗaya, bai taɓa gyara ta ba. Wanda ya zauna a kanta ba ya daɗewa a wurin biki; ya yi ta gyara zama, can sai ya tuna yana da abin yi a gida. Sau da yawa takan faɗa hannun Don Aristeo, mai ofishin inshora, wanda in aka ba shi abin magana sai ya fara daga kakannin amarya. Ba wanda ya taɓa jin Don Nemesio ya ce da gangan ne.

Kujerun suna kwana a ƙuryar tsohon siton tuffa da ke bakin layin dogo. Ginin na gari ne, an ba Ƙungiyar Maƙwabta aro tun da daɗewa. A nan ake koyar da Turanci, a nan ake taya masu ƙananan sana'a neman izinin kasuwanci, a kicin ɗin nan mata masu abincin sayarwa ke girki don hukuma ta yarda da shi, ranar Asabar kuma a ture tebura a yi biki. A nan aka yi zaman makokin Doña Eulalia. Ƙusar da take rataye gyalenta tana nan a bayan ƙofar ƙuryar, ba a rataye komai a jikinta.

Wata bazara, ana tsakiyar tsinkar 'ya'yan itacen ceri, Kansila Vandermeer ya kawo shawara gaban majalisar gari cewa a sayar da siton ga wani kamfanin wankin mota. Ba mugun mutum ba ne, mai son abu ya tafi daidai ne. Majalisa ta kira zaman jin ra'ayin jama'a, jama'a ba ta je ba. Wasu suna gona har faɗuwar rana, wasu kuma ba sa shiga ginin hukuma sai an kira sunansu, ko da an kira ma sukan tsaya su yi tunani. Kansila ya dubi kujerun da ba kowa, ya ce ga ra'ayin jama'a nan. Aka sa ranar ƙuri'a, wata Talata a watan gaba.

Mai kula da ƙungiyar a lokacin Yaretzi Magaña ce, wadda Don Nemesio ya riƙe a hannu ranar baftismarta, shi ya sa take ce masa Padrino, wato uban baftisma. Yarinya ce mai ƙoƙari, ta yi karatu a Seattle ta dawo. Ta buga takardu ta manna a kowane shago, ta aika saƙo a kowace waya, ta kira taron shiri a sito, ta ce Don Nemesio ya jera kujeru duka. Ya jera. Tsofaffi biyu suka zo, da wani mutum da ya shigo neman inuwa.

Da yana naɗe kujerun, ya ji su da sanyi a hannu. Shekarunsa nawa a aikin nan, da ɗumi yake naɗe su. Ya gama, ya tsaya a gaban teburinta, ya tambaye ta wa ke riƙe da zaman na ranar Talata.

"Riƙe kamar yaya, Padrino?"

"Uban taron. Uwar taron."

Ta yi dariya duk da gajiyar da ke idonta, ta ce ba aure ba ne, zaman majalisa ne, kowa aka gayyata. Ya ce to. Ya daɗe yana juya hular a hannu, sannan ya ce shi dai bai taɓa zuwa inda aka gayyaci kowa ba.

A wajenmu biki ba ya hawa kan mutum ɗaya. Akwai uban kek, akwai uwar furanni, uban kiɗa, uwar abinci, har uban takalmin yarinya. Kuma ba a aika takarda. Da ƙafarka za ka je, da kwandon burodi da 'ya'yan itace, ka cire hula ka roƙa. In mutum ya sa hannu ya ɗauki abin da ke cikin kwandon, ya karɓa ke nan. Ƙi kuwa, ana iya ƙi, sai dai jikokinka za su ji labari. Wanda ya karɓa ba ya zuwa shi kaɗai. Da gidansa kaf yake zuwa, don su ga yadda aka yi da abin da ya kawo.

Ranar Lahadi bayan coci, Don Nemesio ya sa farar rigar da bai sake sawa ba tun jana'izar matarsa, ya ɗauki kwando, ya ƙwanƙwasa ƙofar Doña Herminia mai tamale, wato alalar masara. Ta dube shi daga hula har takalmi, ta kira shi kompadre, yadda muke kiran duk wanda ya taɓa zama uban wani abu a bikinmu.

"Kompadre, wa zai yi aure? In kai ne, ka faɗa mini a zaune, gwiwata ba ta da kyau."

"Majalisa ce."

"Da wa?"

Ya ce Talata ce, da yamma, ya zo roƙon ta zama uwar abinci. Ta ce ita ba ta san abin da ake yi a majalisa ba, kuma ba ta son sani. Ta ɗauki burodi ta gutsura, ta tambaye shi jan barkono ko kore.

Daga nan ya wuce wurin Fulgencio mai facin taya, wanda ke busa ƙaho shi da ƙannensa, ya zama uban kiɗa. Mai aski ya karɓi abin sha. Matan kicin suka raba furanni da rigunan tebur a tsakaninsu, suka yi faɗa a kan launi. Mai gidan burodi ya karɓi kek, ya tambayi abin da za a rubuta a kai, tunda ba sunan amarya. Don Nemesio ya nuna masa takardar da ke manne a ƙofar shagonsa, inda maganar siton ta zo ta bakwai a jerin batutuwan zaman. Aka rubuta “Batu na Bakwai”, aka kewaye da furannin sukari.

Labari ya isa kunnen Yaretzi ta bakin mai kek. Ta same shi a ƙurya yana zuba wa kujeru mai a gaɓa. Ta ce wata guda tana ƙoƙari a ɗauke mu da muhimmanci, yanzu za mu shiga majalisa da ƙaho, su ce wasa muka zo yi, su sayar da ginin suna dariya. Ta faɗi abubuwa da yawa, kuma rabinsu gaskiya ne. Ya bari ta gama. Sannan ya goge hannu, ya jawo kwandon daga bayan ƙofa, ya cire hula.

"Saura ɗaya, 'yata. Uwar magana."

Ta ce wannan ba adalci ba ne. Ya yarda. Ta tsaya tana kallon kwandon, shi yana kallon ƙasa. A ƙarshe ta ɗauki mafi ƙanƙantar burodin, ta ci tana hararsa.

Ɗakin majalisar garinmu ƙarami ne, an gina shi daidai da yawan masu zuwa. Ranar Talata tun la'asar ya cika. Mutane sun taso daga gona sun yi wanka, maza da takalman biki, mata da gashi a gyare, yara da ƙananan kwat. Baranda ta cika, matakala ta cika. Don Nemesio ya jera kujeru a bakin titi, sahu-sahu, suna fuskantar bango. Kek ya iso a hannun mutum huɗu.

Jami'in kashe gobara ya leƙa, ya ce an wuce ƙa'ida, sai an rage. A nan Yaretzi ta miƙe. Ta ce wa magajiyar gari, Misis Lindqvist, duk wanda ke waje ya zo ne ya ji zaman da aka ce na jama'a ne, kuma tana roƙon kada a fara alhali ba sa ji. Lauyan gari ya sunkuya ya yi wa magajiya raɗa mai tsawo. Aka tambayi ɗakin wasannin makaranta, aka ce fentin ƙasansa bai bushe ba. Aka shiga tunanin wani ɗaki a garin da zai ɗauki wannan jama'a. Kowa ya san ɗaya ne, amma aka bar magajiya ta faɗa da bakinta.

Da ƙafa aka tafi siton. Yaretzi ta hana kiɗa. Fulgencio ya ce shi ya ci burodi a gaban shaidu. Aka daidaita a kan su busa a hankali. Haka kansiloli suka bi babban titi rungume da takardunsu, ƙaho na biye da su, kuma waɗanda ke baya sun ce ƙafar Kansila Vandermeer tana faɗawa daidai da ganga, ko da yake fuskarsa ba ta sani ba.

A sito Don Nemesio ya jera wa majalisa kujeru a inda ango da amarya ke zama. Da ya ɗauko mai gajeriyar ƙafa, hira ta ragu. Kowa ya bi ta da ido. Ya wuce Kansila, ya ba shi wata lafiyayya, har ya goge masa ita da hannun riga. Gurguwar ya kai ta sahun gaba, inda Don Aristeo ke tsaye da jawabi mai shafi da yawa a aljihu. Kafin a gama batu na huɗu, Don Aristeo ya tuna bai kulle ofis ba.

Da aka zo na bakwai, Yaretzi ta yi magana, ba ta ja ba. Ta faɗi abin da ake yi a ginin, ta ce duk wanda sana'arsa ta fara daga ɗakin nan ya tashi tsaye. Ƙarar kujerun ƙarfe ta daɗe kafin ta lafa. Kansila Vandermeer ya ce bai san haka ba, kuma bai ji kunyar faɗa ba. Amma ya ce rufin yana yoyo, gari ba shi da halin gyarawa, ranar da ya faɗo kan yara shi za a tambaya. Kowa ya ɗaga kai. Tabon ruwan yana nan, mun daɗe muna ɗaura balan-balan a ƙarƙashinsa.

Daga baya aka ji muryar Doña Herminia tana tambaya, wai rufin ba shi da uba ne? Wasu maza da ke aikin rufi a kamfanonin kwarin suka dubi juna, suka miƙe ɗaya bayan ɗaya. Majalisa ta yi ƙuri'a: a janye maganar sayarwa, muddin an gyara rufin kafin dusar ƙanƙara. Aka yanka kek.

Tun kafin ƙuri'a Don Nemesio ya matsa kusa da Kansila da kwandonsa, hula a hannu, Kansila ya ce doka ta hana shi karɓar komai kafin a yanke magana. Don Nemesio ya tsaya a inda yake. Bayan an tashi, Kansila ya juyo ya same shi yana nan, ya ga tsoho ya daɗe a tsaye, ya sa hannu ya ɗauki burodi don kada ya ji ba daɗi. Ɗakin ya yi tafi. Ya tambayi Yaretzi me ya faru.

"Ka zama uban rufi, ranka ya daɗe."

"Ana iya fasawa?"

"Ana iya," in ji ta. "Kana da jikoki?"

Ranar aikin Kansila ya zo da kwanon rufi a motarsa, da dogon tsani, da matarsa, da surukinsa. Har yau in ya shiga shagon aski ana ce masa kompadre, yana amsawa. Don Nemesio bai hau ba, likita ya hana. Ya riƙe gindin tsanin da hannu biyu tun safe har aka sauko.

Siton yana nan. Shi ma yana nan, ƙugun ya ƙara nauyi, a-kori-kurar sai an tura. Yanzu duk lokacin da majalisa za ta taɓa wani abu namu, Yaretzi tana buga takardunta ta manna, sannan ta biya gidan burodi ta cika kwando. An taɓa tambayarsa yadda ya ji a ranar nan ta Talata. Ya yi tunani, ya ce da ya zo naɗe kujerun, duk da ɗumi ya same su, ban da guda ɗaya.