Gado Mai Bene a Gidan Malam Ɗahiru

Duk wanda ya saba bi ta Soron Ɗinki da hantsi ya san Muttaka mai wankin hula, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn nan da ke zama a ƙofar soro da baho da buroshi, huluna jere a gabansa kan gungumen katako suna shan rana. Mahaifinsa, marigayi Malam Ɗahiru, ɗinka huluna ya yi har ido ya gaza, shi kuwa ɗan ya ƙare a wanke su, kuma ba ya jin kunyar faɗa. Hannunsa kullum a jiƙe, bakinsa kullum da labari.

Abu ɗaya ne ba ya cika bayarwa a labarin nasa: a duniya Muttaka bai taɓa mallakar gado ba. Da ƙuruciya a soro suke kwana shi da 'yan'uwansa, tabarma ɗaya, wanda ya riga kwanciya shi ke da bargo. Da ya yi aure ya samu ya hau gado, amma shi ma na matarsa Sa'ida ne, iyayenta suka yi mata, kuma ranar da suka ɗan saɓa takan tuna masa. Shi ya sa da aka haifi 'yarsu Ikram, ɗakin uwar ya yi wa yara maza biyu kaɗan, sai ya ɗaura ɗamarar cewa 'ya'yansa kowa sai ya kwana a gadonsa.

Mazan kuwa, ba wanda Muttaka yake iya kiran sunansa a cikinsu. Babban, Nazeer, ɗan fari ne, kuma gidan Malam Ɗahiru gida ne na kunya: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, ba ya shigar masa. "Kai" ne, ko "yaron nan". Ƙaramin, ɗan shekara huɗu, sunan marigayi ya ci, don haka Abba ake ce masa. Kakarsu 'Yardada, mahaifiyar Muttaka, ba ta ma tsaya nan ba, Malam take kiransa gaba ɗaya, ta ajiye masa tsokar nama, ta hana a daka masa tsawa. Abba ya fasa kofi, a ce Malam ya yi tuntuɓe. Nazeer ya fasa, a ce ƙato da shi ba hankali.

Ɗakin da za a ba su tsohon ɗakin ajiya ne, ɗan tsukuku. Muttaka ya auna shi da igiyar shanya, Nazeer na riƙe da ɗaya bakin. Gado biyu gefe da gefe, ƙofa ba za ta buɗu ba. Katifa a ƙasa, damina za ta cinye ta. Gado ɗaya babba kuwa, to ina amfanin, an koma tabarmar soro ke nan. Sai wani mai kawo masa wanki ya nuna masa hoto a waya: gado a kan gado, da ɗan tsani a gefe. Muttaka ya bar huluna a ruwa, abin da bai taɓa yi ba, ya nufi shagon Ilu kafinta da sassarfa.

Ranar da ya koma sake awo ne Nazeer ya tambaye shi a hankali, "Baba, saman na waye?"

Muttaka bai dube shi ba. Ya ci gaba da naɗe igiya, ya ce, "Na babba mana."

Shi ke nan! Kafin la'asar duk 'yan Islamiyyarsu sun san Nazeer zai koma kwana a bene.

Ranar Asabar aka kawo gadon. Motar kaya ba ta shiga lungun, sai aka sauke shi gunduwa-gunduwa a bakin titi aka ɗauko a ka, Ilu a gaba da tsani a kafaɗa, Muttaka a baya yana ta "a hankali, a hankali, kusurwa!" kamar ƙwai aka ɗauko. Yaran unguwa suka biyo su ɗuu. Mata na leƙowa ta ƙofa suna tambaya ko aure ake, shi kuwa bakinsa har kunne yana amsawa, "Ya fi aure, Hajiya!" Da Ilu ya gama ɗaure kusoshi, gadon ya tsaya cak, ƙamshin sabon katako ya cika ɗakin, Muttaka ya girgiza shi da hannu biyu bai motsa ba. Daɗi ya kama shi har sai da ya yi dariya shi kaɗai.

Nazeer ya cire takalmi, ya ɗora ƙafa a matakin farko. A daidai nan 'Yardada ta iso bakin ƙofa, tana dogara bango.

"Kai, sauko! Ina za ka?"

"Gadona ne, Inna."

"Gadonka? Malam yana ƙasa, kai kana sama, ka miƙe masa ƙafa a ka? A gidansa? Ba dai ina numfashi ba."

Aka yi dariya, don an ɗauka wasan kaka da jika ne. Amma tsohuwa ba wasa take ba. Ilu ya ce to a mayar da Abba sama mana. Sa'ida ta rufe baki da mayafi, ta ce ƙasa-ƙasa ai Malam ɗin har yanzu yana jiƙa shimfiɗa, ga birgima cikin barci, in bai faɗo ba to yayansa zai kwana cikin ruwa. 'Yardada ta yanke hukunci nan take: su biyun su kwana a ƙasa, saman a jera akwatuna, dama an rasa inda za a sa su.

Nazeer ya sauke ƙafarsa. Bai yi kuka ba, bai ma yi musu ba, ya sa takalminsa ya koma jikin bango, kamar wanda ya saba. Wannan sabon ne ya soki Muttaka. Yaron ko kallonsa bai yi ba, don ya san uban ba ya shigar masa. Muttaka kuwa tunda yake bai taɓa mayar wa mahaifiyarsa magana ba, balle a kan ɗan fari, a gaban kafinta da yaran maƙwabta.

Sai ya durƙusa a gabanta.

"Inna, ki yi haƙuri, tambaya zan yi. Kin tuna farar hular Malam, ta zuwa Juma'a?"

Ta harare shi. "Me ya kawo ta nan?"

"Wa ya jiƙa ta?"

Bai jira amsarta ba, ya ci gaba.

"Yaron nan yana rarrafe, Malam ke ɗora shi a wuya ya zaga da shi har Shahuci, ƙafafunsa na reto a ƙirjinsa. Rannan Malam ya tuɓe hular ya ba shi yana wasa da ita, ya tsula mata fitsari. Ni na wanke ta da hannuna. Na ce a daina ba shi yaron, Malam ya ce in kama bakina, kansa ne, kuma ya ba jikansa." Ya ɗago kai ya dube ta. "Inna, da ransa ma ya ɗora shi a kansa. Ni ban isa in sauke shi ba."

'Yardada ta dubi ɗan nata. Sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na biye, ta kama bakin zane tana gogewa. "Haka aka yi, wallahi. Ya dawo ba hula yana ta murna, sai ka ce kyauta aka yi masa." Ta ja hanci. "Oh ni 'Yardada! Yau kunyar ɗan fari ta ƙare a gidan nan." Ta juya wajen Nazeer. "Kai kuma tsaye me kake? Hau, kafin in canza shawara. Saura ka yi wa mijina tsalle a ka!"

Yara suka sa ihu. Nazeer ya haye tsanin da takalminsa a ƙafa, ba wanda ya ce ya cire. Ya miƙa hannu ya taɓa rufin ɗakin, ya kwanta, ya tashi, ya sake kwanciya. Abba kuwa tuni ya shige ƙasa ya ja zane ya rufe, yana shelar cewa shi ya samu shago.

Muttaka ya tuna da hulunan mutane, ya juya zai fita. Sai ga kai ya leƙo daga sama.

"Baba, da gaske na yi wa Malam fitsari a hula?"

Ya tsaya a bakin ƙofa. Wannan karon sai da ya ɗaga kai ya dube shi sosai, ga Inna a tsaye tana ji.

"Da gaske, Nazeer," ya ce. "Ka riƙe katakon gefen nan da kyau."