Duron da Ba a Juya Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talatar nan da ta wuce, da hantsi, Allah ya karɓi ran yayata a asibiti, bayan jinyar da ta cinye damina ɗungum. Yaya, na gaji, kuma ba zan ɓoye miki ba. Tun ranar nake amsa gaisuwa, amma hankalina yana tsakar gida, wajen bishiyar turarenki.

Kin dasa ta a rabin duro shekarar da aka gano 'yarki tana da asma. Kowa ya ce itacen turare ba na gidan haya ba ne, saiwarsa bin ruwa take har ta fasa gini. Kika ce kin ji. Duk shekara ki sare kanta daidai ƙugunki, duk Juma'a ki kama bakin duron ki juya shi, don kada saiwa ta bi hudar gindin duron ta kama ƙasa. Ni nake kama miki ɗaya gefen ina mita, kina cewa, "Ƙaton banza, juya mana!"

Babu gidan da bai san ganyen nan ba a layinmu. Mai mura, mai tari, mai jaririn da hanci ya toshe, duk ƙofarki suke bugawa. Ki tsinko musu, ki faɗi yadda za a tafasa a lulluɓa a yi sirace, ki haɗa da faɗa. Na ji ki kina ce wa telan bakin titi, "Ganye ba likita ba ne, malam. In ciwon ya kwana uku ka wuce asibiti." Shi kansa mai gidan hayarmu ya sha aiko matarsa.

Da kika kwanta, dukanmu muka koma asibiti. Wata rana kika buɗe ido kika ce, "Ana juya duron kuwa?" Na ce, "Yaya, ke ma da ƙyar muke juya ki." Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki, ba ki sake tambaya ba.

Saiwar ta fita, Yaya. Ta huda siminti, ta bi bututun ruwa, katanga ta tsage har sama. Jiya mai gidan hayar ya zo gaisuwa, ya yi addu'a mai tsawo, ya ja ni gefe ya ce a tumɓuke ta kafin ta kayar masa da gini. Gaskiyarsa ce, ni kuma ba ni da ƙarfin roƙo. Gobe kafinta zai zo da zarto.

Shi ya sa yau duk wanda ya shigo gaisuwa da ƙunshin ganye yake fita. Sauran na shanya a ɗakinki, 'yarki kuma ta ɗura nata a tsohon gwangwanin madara. Ta tambaye ni ko zai kai ta sanyin bana, na ce zai kai. Na baɗi ne ba ta tambaya ba.

Allah ya jiƙan ki, ya yalwata kabarinki, ya sa jinyar nan ta zama kaffara. Allah ya ba mijinki da Inna haƙuri. 'Yarki kuwa, Allah ya sauƙaƙa mata numfashi, don mai tsinko mata ganye ta tafi. Amin.